Ana Sayen Gafara da Kuɗi? Labarin Martin Luther

Da yawa suna tambaya me ya raba Katolika da sauran ikkilisiyoyi. Tushen maganar yana ƙasar Jamus.

Martin Luther fada ne na Katolika, mai koyar da Littafi Mai Tsarki a garin Wittenberg. A zamaninsa wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana sayar da takardun da aka ce suna rage hukuncin zunubi, ana tara kuɗin gina majami'ar Bitrus a Roma. Talakawa suka ɗauka gafara ce suke saya. Luther kuwa ya gane daga Romawa 1:17 cewa Allah yana baratar da mai zunubi ta wurin bangaskiya, kyauta. A 1517 ya rubuta batutuwa 95 yana ƙalubalantar cinikin.

A 1521 Paparoma Leo na 10 ya fitar da shi daga ikkilisiya. A shekarar aka tsai da shi gaban Sarki Charles na 5 a garin Worms, aka ce ya janye koyarwarsa. Ya ƙi, sai in an nuna masa kuskurensa daga Nassi. Aka ɓoye shi a gidan sarauta na Wartburg, inda ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci. Aka buga shi a 1522, manomi ya ji Maganar Allah da harshen gidansa.

Rabuwar ta kai ga yaƙi a 1546. Sai a 1555 aka yi sulhu a Augsburg, cewa kowane sarki ya zaɓa wa ƙasarsa ɗarika. A 1567 Paparoma ya hana sayar da takardun nan. A 1999, a Augsburg ɗin, Katolika da Lutheran suka sa hannu tare cewa ceto ta wurin alheri ne.

Labarin ya iso mu ma. Masu bishara na Lutheran daga Denmark sun sauka Numan a 1913, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya fito a 1932.

Saboda haka, ɗan'uwana a Potiskum ko Fika, kada wani ya sa ka biya kuɗi domin gafara, gama Yesu ya riga ya biya. Ka karanta Afisawa 2:8-9 da iyalinka yau, ka bayyana wa tsofaffi da yara da Bolanci, ko Ngizim, ko Karekare. Kada kuma ka ƙi maƙwabcinka Katolika. Ubangiji ya taimake mu. Amin.