Wutar ɗari a Tasawa da Mayahi: ina zafin yake tafiya?

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan Gulbin Kaba cikin watan Disamba ko Janairu ya san abin da ake nufi da ɗari. Da rana hazo ya rufe sama, da dare kuwa ma'aunin zafi ya sauko kusa da 12, wani daren ma ƙasa da haka. Bature zai ji wannan adadi ya yi dariya. Amma shi yana da bargo da tagar gilashi. Tsohuwar da ke kwance bisa tabarma cikin bukkar kara a ƙasar Mayahi, da zane guda a jikinta, ba ta da abin dogaro sai kaskon wuta.

To, wutar nan da me ake hura ta? A nan ne maganar take. A Tasawa da Mayahi gona ta ci daji tun da daɗewa. Mata da ƴan mata su ke yawon neman icce, in ba a samu ba a koma ga karan hatsi da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya zauna a gona ya zama taki. Gorubar gulbi ma ba ta tsira ba. Gaskiya ne sassaben zamani, wanda aka soma a yankin Maraɗi wajen 1983, inda manomi ke barin tohon kututture ya girma maimakon ya sare shi, ya mai da gawo da kalgo da sabara cikin gonaki masu yawa. Duk da haka icce bai zama abin wasa ba, kuma mafi yawan wanda aka wahala aka samo, zafinsa iska ke kwashewa. A murhun duwatsu uku, abin da ke isa tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba.

Mutanen ƙasashen sanyi sun daɗe da wata ƴar dabara da ta cancanci mu duba. A Faransa da Ingila ana ɗuma ɗaki da wani ƙarfe mai bututu wanda ruwan zafi ke zagawa cikinsa, ɗan uwan na gaban mota da direbobinmu suka sani. Jikin bango ake kafa shi. Ashe rabin fuskarsa bangon take kallo, bangon ya sha zafi ya miƙa wa waje. Sai mai gida ya samo kwali, ya manna masa takardar alminiyam mai ƙyalli, irin wadda ke cikin kwalin taba, ya zura shi tsakanin ƙarfen da bango. Ribar ba ta da yawa, kuma a gidan da bangonsa ke riƙe zafi da kyau kusan babu ita. Amma a tsohon gida mai bango sake, tana biyan kuɗin kwalin da sauri.

Dalilin abin ba shi da wuyar ganewa. Zafi hanya uku yake bi. Yana bin jikin abu, kamar yadda ludayin ƙarfe ke ƙona hannu in an bar shi cikin miya. Yana bin iska, shi ya sa hayaƙi ke tashi sama. Yana kuma tafiya kamar haske, kai tsaye, ba ruwansa da iska: wannan shi ne wanda mai jin ɗumi ke ji a fuska da gwiwa alhali bayansa na kaɗawa. Wannan na ukun shi ake iya juyawa, kamar yadda yaro ke juya rana da madubi ya haske idon abokinsa. Baƙin abu yana shanye shi. Alminiyam mai ƙyalli kuwa yana mai da fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Abin sha'awa, babban masanin wannan fanni a ƙasarmu a Tasawa aka haife shi, ranar 26 ga Yuni 1929. Shi ne marigayi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. Daga 1969 ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken ƙarfin rana, inda aka ƙera tukwanen zafafa ruwa da murhun rana mai siffar ƙwarya, wanda ke tara haske wuri guda ƙarƙashin tukunya. Da madubin Abdu Mumuni da kwalin Bafaranshe duk ilimi guda ne. Daga baya, a 1994, aka fito da wani murhun rana na kwali da takardar ƙyalli kawai, mai suna CooKit, wanda ƴan gudun hijirar Darfur suka yi girki da shi a sansanin Iridimi na ƙasar Cadi. A ganina bai dace da hunturunmu ba: hazo na rage masa ƙarfi, tuwo kuma sai da tuƙi, balle ɗumin dare da ba rana.

Abin da ya dace da mu ya fi haka sauƙi. A samo falle na ƙarfe mai haske, guntun kwanon rufi sabo, ko babban gwangwanin mai da aka tsaga aka miƙe, cikinsa mai ƙyalli yana kallon wuta. A lanƙwasa shi kamar rabin da'ira, a tsai da shi bayan kasko, ta wajen da ba kowa, a bar tazarar kamu guda tsakaninsa da bango. Zafin da ke tafiya banza ya dawo wajen masu zaune. Kowane maƙerin gwangwani a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi zai yi wannan kafin a sha shayi na biyu, ya kuma nannaɗe bakin don kada ya yanki yaro. In toka da hayaƙi suka dushe shi, aikinsa ya ragu, sai a goge da yashi mai laushi. Kwali kuwa, kada a kusantar da shi ga garwashi ko kaɗan. Bature ya yi amfani da shi ne don ƙarfensa ruwan zafi ne, ba harshen wuta ba.

Ba kowane ɗaki ke buƙatarsa daidai ba. Bangon ƙasa mai kauri ba ɓarawo ba ne sosai: yana shan zafi da farkon dare, ya riƙa sakinsa har asuba, shi ya sa kakanninmu suka riƙa gina gadon ƙasa da ake hura wuta ƙarƙashinsa don mai jego da tsofaffi. Inda fallen ke da amfani shi ne bukkar kara, da rumfar zana, da ɗakin kwano, da kuma tsakar gida inda ake zaman hira. A can yana aiki biyu, domin yana tare tartsatsi daga zana, kuma kowa ya san yadda gobarar hunturu ke lashe unguwa in iska ta samu kara. A madafa ma haka ne: murhun Mai Sauƙi da aka yaɗa a Yamai cikin shekarun 1980, da na laka da ake kira Albarka, asirinsu shi ne kewaye wuta don kada iska ta raba ta da tukunya.

Akwai abu guda da fallen ba ya magani. Gawayin da ke ci cikin rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana somawa da ciwon kai da jiri da nauyin barci, ta kashe mutum bai farka ba, yara kuma su ne na farko. Saboda haka a bar gawayi ya kama sosai a waje kafin a shigo da shi, a bar kafa a ƙofa ko taga, a fitar da kasko kafin a kwanta. Wanda aka tarar ya galabaita kusa da garwashi, a fito da shi sarari nan take, a kai shi likita ko da ya ce ya ji sauƙi.