Harsashi da Albarushi a Lokacin Ƙaranci: Ina Farashin Adalci Yake a Potiskum?

Bindiga takan yi shekara talatin a hannun mai ita har ɗa ya gada, amma harsashi da zarar an harba shi ya tafi ke nan. Saboda haka duk lokacin da kayan harbi suka yi ƙaranci, a kan harsashi da albarushi ake fara jin tsadar, tun kafin a ji ta a kan bindigar kanta. A Potiskum da ƙauyukan da ke kewaye da ita, masu sayen waɗannan kaya ta hanyar halal ba su da yawa, kuma an san su: mafarauta, 'yan banga masu gadin unguwanni da hanyoyi, manoman da ke kare gona daga birai da gyado, sai masu harba bindigogin gargajiya a hawan Sallah da bukukuwan sarauta. Buƙatarsu ƙarama ce idan aka gwada da ta masu sayen gero ko man fetur, sai dai tana da nauyi a garin da ke ɗauke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, inda hanyoyin Kano da Bauchi da Gombe da Gashuwa da Damaturu suke haɗuwa, dukiya na shiga tana fita kowane mako.

Abin da ake kira harsashi a bakin jama'a iri uku ne. Akwai albarushi da ƙwayoyin dalma da ake ɗura wa bindigar toka ta baki, wadda maƙera ke ƙerawa, wasu na ce mata adaka ko harba-ka-ruga. Akwai harsashin kwanso na bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, wanda masana'anta ke haɗawa. Na uku shi ne harsashin bindigogin yaƙi irin su AK-47. Wannan na ƙarshe ba kayan kasuwa ba ne ko kaɗan, duk wanda aka gani da shi a hannun farar hula, ko dai sato shi aka yi ko fasa-ƙwaurinsa, don haka maganar adalcin farashi ba ta shafe shi ba.

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta bi kusan wannan rabo. Makaman yaƙi da ƙananan bindigogin hannu haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta tana buƙatar lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda, ita kuwa bindigar da ake ɗurawa ta baki, kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke da hurumin ba da izininta. Dokar ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda kotu ta kama da laifin ta'adi cikin shekara biyar da suka wuce. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne harsashi ma yana ƙarƙashin lasisin, kuma dillali mai rajista ne kaɗai ke da ikon sayar da shi. Taƙaita kayan harbi a wannan yanki ya girmi Najeriya: yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar wa 'yan ƙasa tsofaffin bindigogi da albarushin fatauci. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa bindigar toka ta zauna daram a hannun maharba har yau.

Ƙarancin da ake fama da shi ya taru ne daga wurare da dama. Kamfanin ƙera makamai na gwamnati, DICON, yana Kaduna tun 1964, amma babban aikinsa wadata soja da 'yan sanda ne, yawancin harsashin farauta daga ƙetare ake shigo da shi. Mai shigowa sai ya samu takardar shaidar wanda zai yi amfani da kayan daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, sannan ya biya da dala. A farkon 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, ta haura 1,400 a farkon 2024. Kayan da bai ƙara ko sisi ba a masana'antarsa ya ninka sau uku kafin ya bar tashar jirgin ruwa. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ya ƙara kuɗin ɗauko kaya daga Legas ko Fatakwal zuwa Yobe, tafiyar fiye da kilomita dubu. A watan Agustan 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin bindiga, abin da ya rage masu saye na halal, ya kuma rage wa dillalai sha'awar ajiye kayan da ba su da tabbacin sayarwa.

Yobe tana da nata ƙarin dalilin. Harin da aka kai kasuwar shanu ta Potiskum a watan Mayun 2012, da dokar ta-ɓaci da aka ayyana a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, da bama-baman da suka tashi a garin a watan Nuwamban 2014, sun sa jami'an tsaro sa ido a kan duk wani abu mai fashewa, har takin zamani na yuriya sai da aka taƙaita safararsa a yankin. Babu mai hankalin da zai ga laifin wannan. Sai dai a daidai wannan lokaci ne aka fi neman mafarauta. A watan Mayun 2014 ɗaruruwansu sun taru a Maiduguri suna neman a bar su su shiga daji neman 'yan matan Chibok, kuma tun daga nan suka zama abokan aikin soja a Arewa maso Gabas. Buƙata ta ƙaru a lokacin da hanyar samu ta ƙuntata, kuma duk inda aka yi haka farashi sama yake yi.

Tashin farashi shi kaɗai ba ya nuna zalunci, kuma a nan ne mai saye da mai sayarwa suka fi saɓani. Mai saye yana auna farashin yau da na bara. Ɗan kasuwa yana auna shi da abin da zai biya gobe idan ya je saro wani. Idan ya sayi kwali a kan tsohon farashin dala ya sayar da ƙaramar riba, kuɗin da ya samu ba zai sayo masa rabin kwali ba, jarinsa ya narke ke nan yana ganin kamar ya ci riba. Don haka ma'aunin da ya fi kusa da gaskiya shi ne kuɗin mayar da kaya, a haɗa da na sufuri da na takardu da na ajiya, sannan a ɗora ribar da aka saba ɗorawa kafin ƙarancin. Abin da ya wuce wannan, musamman idan an ƙara shi ne domin an ji labarin hari a ƙauye kuma an san mai saye ba shi da zaɓi, ya zama cin kasuwar tsoro.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna irin wannan a babin ihtikari, wato saye kaya a ɓoye shi har ya yi tsada, da babin tas'iri, wato hukuma ta yanke farashi. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a wannan ƙasa, ba ta tsayar da haramcin ɓoye kaya a kan abinci kaɗai ba, ta faɗaɗa shi zuwa duk abin da ɓoye shi zai cutar da kasuwa. Yahya bin Umar, malamin Ƙairawan da ya rasu a wajajen 901, ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen kasuwa mai suna Ahkamus Suƙ. Asalin ƙa'ida a wurin malamai ita ce a bar farashi ya bi kasuwa, hukuma ta tsoma baki ne idan cuta ta bayyana. Dokar ƙasa ma ta tanadi wani abu makamancin haka: dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta haɗa baki a kan farashi da sayarwa a farashin da rashin adalcinsa ya fito fili. Amma da wuya a ga mafarauci ya kai ƙarar tsadar harsashi, domin da yawansu ba su da cikakkun takardu, kuma wanda ke tsoron a tambaye shi lasisi ba ya zuwa ofis ya yi ƙorafi.

Amurka, inda ake sayar da harsashi a kantunan kayan wasanni, ta nuna yadda rububi ke haifar da ƙaranci ko da masana'antu na aiki. An yi ƙaranci a can a 2008 zuwa 2009, aka sake yi a 2013, sannan mafi tsanani a 2020 zuwa 2021, lokacin annobar korona. A 2020 kaɗai hukumar FBI ta yi binciken masu neman sayen bindiga kusan sau miliyan 40, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, a shekarar kuma kamfanin Remington, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera harsashi, ya durƙushe. Wanda ya saba sayen kwali ɗaya ya koma sayen goma don tsoron gobe, wasu kuma suka riƙa sammako suna kwashe kaya su sake sayarwa da tsada. Maganin da kantuna da yawa suka samo shi ne ƙayyade wa kowane mutum kwali biyu ko uku. Wannan bai ƙara yawan kaya ba, ya dai sa abin da ke akwai ya kai ga hannaye da yawa.

Akwai inda harsashi ya sha bamban da sauran kayan masarufi, kuma ya kamata a faɗe shi ƙarara. Arahar gero alheri ce ga kowa, arahar harsashi kuwa tana iya zama alamar masifa. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta bibiyi farashin kasuwar bayan fage a Labanan da Pakistan da Somaliya a rahotonta na 2013, ta kuma gano cewa farashin harsashi a Labanan yana tashi tare da ƙaruwar mace-mace a yaƙin Siriya. Farashin harsashi a ɓoye, ke nan, yana ba da labarin tsaro. Idan ya tashi kwatsam, wani na tarawa, idan ya faɗi warwas, wata hanya ta fasa-ƙwauri ta buɗe. Kwastan sun kama bindigogi 661 a Legas a watan Janairun 2017, sun kuma nuna bindigogi 844 da harsashi 112,500 da aka kama a tashar Onne a watan Yulin 2024. Da waɗannan kaya sun shiga gari, da farashi ya sauka, amma ba mafaraucin Potiskum ne zai fi cin moriyar saukar ba. Saboda haka manufar da ta dace ba ita ce harsashi ya yi araha ga kowa ba, ita ce mai izini ya same shi a farashin da ba a cuce shi ba, marar izini kuma ya rasa shi ko nawa zai biya.

Hanyar cimma wannan ba sabuwa ba ce ga mafarauta, domin suna da sarkinsu da shugabannin ƙungiya da suka san kowa da kowa, kuma fadar Fika da ta Pataskum duk suna cikin garin. Idan ƙungiya ta haɗa kuɗi ta saya a dunƙule daga dillali mai rajista da sanin 'yan sanda, farashin sari ya fi na ɗai-ɗai sauƙi, kuma ana iya rubuta wanda ya karɓa da adadin da ya karɓa. Mayar da kwanson da aka harba kafin a karɓi sabo dabara ce da rundunoni da yawa ke amfani da ita don hana harsashi sulalewa. A lokacin ƙaranci, mai gadin dare da mai rakiyar fatake sun fi cancantar a fara ba su a kan mai farautar nishaɗi. Wanda hukuma ta kira aikin tsaro kuwa, bai dace a bar shi ya sayi kayan aiki daga aljihunsa ba. Idan aka bar shi, ko dai ya fita da bindiga fanko, ko ya nemi kaya a wurin da bai kamata ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta ɗora wa ƙasashe nauyin ajiye rajistar makamai, Najeriya kuma ta kafa cibiyar kula da ƙananan makamai a 2021, aka ba ta ƙarfin doka a 2024, don haka akwai hukumar da irin wannan rajista za ta koma gare ta.

Sayen da ya wuce buƙata yana da wata illa ta daban a wannan yanki. Zafin bazara a Potiskum yakan haura digiri 40, damina kuma tana kawo laima, duka biyun suna lalata harsashi da albarushin da aka ajiye ba bisa ƙa'ida ba. Albarushin da ya sha laima ba ya tashi, wanda aka tara a ɗakin kwana kusa da murhu ko risho kuwa haɗari ne ga gida da maƙwabta. Ƙaranci kuma shi ne lokacin da jabun kaya ke fitowa, tsofaffin kwansuna da aka sake ɗurawa da abin da ba a auna ba, ana sayar da su da ɗan rangwame. Irin wannan harsashi yana iya ƙin tashi a lokacin da ake buƙatarsa, yana kuma iya fasa bakin bindiga ya raunata mai harbin. Alamominsa sukan bayyana ga mai lura: kwanso mai kumburi ko tsatsa a gindi, bakin da aka liƙe da hannu, da kwalin da ba shi da lambar masana'anta.