Fenariti: Shin A Ba Koci Damar Ɗaukaka Ƙara?

Duk wanda ya saba zama a gidajen kallon ƙwallo na Agoè-Zongo, ko a teburan masu shayi da ke bakin babban titin da ya nufi arewa, ya san cewa wasa yakan tashi ne a minti 90, amma gardamar fenariti takan kwana bakwai ba ta mutu ba. Wannan ya rantse an taɗe ɗan wasa, wancan ya rantse faɗuwar ganganci ce. To, a 'yan shekarun nan wata sabuwar magana ta shigo cikin gardamar, wato ko ya kamata a ba koci ikon tsayar da wasa ya ce wa alƙali: ban yarda ba, je ka duba hoton bidiyo. Mu dai a ganinmu ya kamata, amma da sharuɗɗa, kuma za mu faɗi dalili.

Mu mutanen Togo ba baƙin wannan ciwo ba ne. Ranar 19 ga Yuni 2006, a birnin Dortmund na ƙasar Jamus, Eperviers suka kara da Suwizalan a gasar cin kofin duniya, wadda har yau ita ce kaɗai muka taɓa halarta. Alexander Frei ya riga ya jefa mana ƙwallo ɗaya. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Emmanuel Adebayor ya kutsa cikin da'irar gola, Patrick Müller ya sa masa ƙafa, ya faɗi. Alƙalin wasa Carlos Amarilla, mutumin Paraguay, ya yi nuni da hannu a ci gaba. Masu kallo a gida sun ga maimaicin abin a talabijin sau da dama cikin ɗan lokaci kaɗan. Mutum ɗaya ne doka ta hana ya gani, shi ne kuwa mai usur a baki. Koci Otto Pfister ba shi da abin yi sai ɗaga hannu sama. Aka tashi 2 da 0, muka tattara kayanmu. Ba mu ce da an ba da fenaritin nan lalle da mun tsallake ba, domin kowa ya tuna rigimar kuɗin alawus da ta dabaibaye tawagar a wancan mako. Amma 1 da 1 kafin hutu wani wasa ne daban.

Shekara bakwai bayan haka, ranar 30 ga Janairu 2013, a Nelspruit ta Afirka ta Kudu, muka haɗu da Tunisiya a wasan ƙarshe na rukuni a gasar kofin Afirka. Serge Gakpé ya fara ci mana. Alƙali Daniel Bennett ya ba Tunisiya fenariti har sau biyu, Khaled Mouelhi ya ci na farko, na biyu ya bugi turke. A ɗaya gefen kuwa an kayar da Adebayor a da'ira, alƙali ya kawar da kai. Har ma ya ba wani mai tsaron bayanmu katin gargaɗi a kan laifin da abokin wasansa ya aikata. Allah ya sa aka tashi 1 da 1, Togo ta kai zagayen kwata fainal karo na farko a tarihinta. Da ƙwallon Mouelhi ta biyu ta karkata kaɗan zuwa ciki, da shi ke nan, yaran Didier Six sun dawo gida. Turke ne ya yi mana adalci a ranar.

Mai karatu zai ce ai yanzu akwai VAR. Haka ne. An shigar da ita cikin dokokin wasa a 2018, aka yi aiki da ita a kofin duniya na Rasha a shekarar, inda Antoine Griezmann na Faransa ya samu fenariti na farko ta wannan hanya a wasansu da Ostiraliya. A kofin Afirka an fara ta ne a Masar a 2019 daga zagayen kwata fainal, sannan aka yi ta a dukkan wasanni 52 a Kamaru a farkon 2022. Sai dai VAR tana da matsala biyu. Ta farko tsada: kyamarori masu yawa, ɗaki na musamman, ƙarin alƙalai masu horo, da wutar lantarki da ba ta ɗaukewa. Ta biyu kuwa, wadda ta fi damunmu, ita ce komai a hannun alƙalai yake. Su ne za su ga dama su kira ɗan'uwansu ya zo ya duba, su ne za su ga dama su yi shiru. Wanda aka zalunta ba shi da bakin magana. Idan ma ya matsa, kati zai sha.

Saboda tsadar nan ne hukumar FIFA ta fito da wani tsari mai sauƙi da ake kira FVS a taƙaice, wato tallafin bidiyo. An gwada shi a wata gasar matasa a Zurich a watan Mayu 2024, sannan a kofin duniya na mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolambiya, da na 'yan ƙasa da 17 a Jamhuriyar Dominika, duk a shekarar, sai kuma kofin duniya na maza 'yan ƙasa da 20 a Chile a 2025. Italiya ta ɗauke shi a gasarta ta mataki na uku, Serie C, a kakar 2025 zuwa 2026, haka ma Sifen a babbar gasarta ta mata.

Ga yadda abin yake. Babu wasu alƙalai da ke ɓoye a ɗaki suna kallon komai. Kowane koci ana ba shi dama biyu a wasa. Idan ya ga an yi masa ba daidai ba, sai ya juya yatsa a sama, ya miƙa wa alƙali na huɗu wani kati, nan take ba tare da jinkiri ba. Alƙalin wasa sai ya je bakin fili ya kalli hoton a allo, wani ma'aikaci yana juya masa shi. In ya sauya hukunci, koci yana nan da damarsa. In bai sauya ba, dama ɗaya ta tafi. Abubuwa huɗu kaɗai ake iya ƙorafi a kansu: ƙwallo ta ciwu ko ba ta ciwu ba, fenariti ne ko ba fenariti ba, jan kati na kai tsaye, da kuma hukunta wanda ba shi ya yi laifi ba. An tsara shi ne don filin da ke da kyamara ɗaya zuwa huɗu. Mai karatu ya lura: fenaritin da aka hana Adebayor a Dortmund, da waɗanda aka ba Tunisiya, da katin da aka ba wanda bai ji ba bai gani ba a Nelspruit, duk sun shiga cikin waɗannan huɗun.

An kuma ga amfaninsa a aikace. A Chile, a wasan rukuni tsakanin Maroko da Sifen, alƙali ya ba Sifen fenariti. Kocin Maroko, Mohamed Ouahbi, ya ɗaga katinsa, alƙali ya je ya duba, ya dawo ya soke. Maroko ta ci 2 da 0, daga baya kuma ta ɗauki kofin bayan ta doke Ajantina. Dabarar ma ba sabuwa ba ce a duniyar wasanni. A ƙwallon Amurkawa, wadda ake rungumar ƙwallo a gudu da ita, tun 1999 koci ke da damar neman a duba hukunci. 'Yan wasan tanis sun samu irin wannan dama a 2006. Ƙwallon ƙafa ce ta makara.

Masu adawa da tsarin suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Wasu sun ce zai zubar da girman alƙali. Wannan ba mu ɗauke ta da nauyi ba, domin girman da ya dogara a kan hana mutum ganin kuskurensa, alhali duniya duka tana gani a waya, ya riga ya zube. Wasu sun ce koci mai wayo zai riƙa amfani da katin don ɓata lokaci ko kashe zafin abokan karawa a ƙarshen wasa. Wannan kam zai faru, mun san halin masu horarwa. Amma dama biyu ce tak, kuma alƙali yana da agogo, yana iya mayar da lokacin da aka ci.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wannan. A kotu, idan ka ɗaukaka ƙara, gaban wani alƙali na sama kake zuwa. A nan kuwa ƙarar tana komawa ne gaban wanda ya yanke hukuncin farko, a ce masa ya ƙaryata kansa a gaban dubban mutane. Ga shi kuma fenariti ba kamar ƙwallo ta haye layi ba ne. Sau da yawa hoto yana nuna an taɓa mutum, amma ba ya nuna ko taɓawar ta isa ta kayar da shi. Amurkawan nan da muka ambata sun gwada a 2019 su bar koci ya ƙalubalanci wani irin laifi na tare mai karɓar ƙwallo, wanda shi ma ya dogara ga ganin alƙali. Alƙalai suka riƙa tabbatar da hukuncinsu, masu horarwa suka fusata, bayan kaka ɗaya aka soke dokar. Saboda haka kada kowa ya zaci katin zai kashe gardamar teburin mai shayi.

Duk da haka gani ya kori ji. A tuna da Joseph Lamptey, alƙalin nan na maƙwabciyarmu Gana. Ranar 12 ga Nuwamba 2016, a wasan neman gurbin kofin duniya a Polokwane, ya ba Afirka ta Kudu fenariti wai Kalidou Koulibaly na Senegal ya taɓa ƙwallo da hannu, alhali a gwiwa ta same shi. FIFA ta dakatar da shi har abada a 2017, aka sake wasan a Nuwamba na shekarar, Senegal ta ci 2 da 0. Shekara guda cur aka ɗauka ana gyara abin da allo zai nuna cikin minti ɗaya. Alƙalin da ya yi kuskure da zuciya ɗaya, katin zai cece shi. Wanda kuwa ya zo da wata manufa, katin zai tilasta masa ya tsaya gaban hoto, kowa yana kallonsa, ya sake maimaita ƙaryar. Ba kowa ne ke da wannan ƙarfin hali ba.

Akwai kuma abin da ke faruwa idan ba a bar wa mai ƙorafi ƙofa ba. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2019, a filin Radès na Tunisiya, aka soke ƙwallon Wydad ta Kasabalanka, suka nemi a duba VAR, aka ce na'urar ba ta aiki, suka ƙi ci gaba da wasa. A Rabat, ranar 18 ga Janairu 2026, a wasan ƙarshe na kofin Afirka, an soke ƙwallon Senegal sannan aka ba Maroko fenariti bayan duba VAR, koci Pape Thiaw ya kira yaransa su fice daga fili, wasa ya tsaya na wani lokaci. Ba mu ce kati zai sauya waɗannan hukunce-hukunce ba. Abin da muke cewa shi ne kocin da ke da hanyar ƙorafi ta halal a aljihunsa, hujjarsa ta janye 'yan wasa ta ragu ƙwarai. A filayenmu na gida kuwa, inda wani lokaci sai jami'an tsaro sun raka alƙali kafin ya fita lafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Minti biyu da alƙali zai yi a gaban allo sukan isa jini ya ɗan kwanta a wajen 'yan kallo.

Saura batun aljihu. A filin Kégué, inda ake ɗaukar manyan wasanni a talabijin, ba wuya a haɗa kyamara uku ko huɗu. Amma gasar D1 ba a Lome kaɗai ake yin ta ba. Akwai Kara, gidan ASKO da ASCK, akwai Sokode, gidan Semassi, akwai Kpalime da Tchamba. Idan wasu filaye suna da hoto wasu ba su da shi, an sake buɗe wata ƙofar rashin adalci. Kyamara ɗaya da aka kafa a tsakiyar fili kuma da wuya ta nuna abin da ya faru a cikin cunkoson da'ira, sai koci ya yi asarar damarsa ba don ba shi da gaskiya ba, sai don hoton bai nuna komai ba.

Don haka sharuɗɗanmu ga hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FTF, idan ta tashi neman izinin gwada tsarin, su ne waɗannan. Ta fara da wasannin da ake yi a fili ɗaya, kamar wasan ƙarshe na kofi, kafin ta shiga gasar mako-mako. A sa kyamara a kusa da kowace da'ira, tunda a nan rigimar take. Abu mafi muhimmanci, kyamarorin da mai juya hoton su kasance na hukuma, kada a bar su a hannun kulob mai masaukin baƙi, domin mun san yadda waya kan tsinke daidai lokacin da baƙo ya ɗaga kati. A kuma ajiye hoton kowane ƙorafi a miƙa wa kwamitin alƙalai bayan wasa, tare da sunan alƙalin da ya duba da hukuncin da ya yanke.