Alhaji Falke Barmu, gwanin adon cikin ɗaki

Jama'a, mai dukiya in yana son gidansa ya yi kyau, ba ƙofa kaɗai yake dubawa ba. Inda baƙo zai zauna ya ɗaga kai, nan ne gwaninta take. A ƙasar Hausa wannan aikin magina ne. Su ke ɗaura bakan gizo, su tada tulluwa, su zana bango tun laka tana ɗanya.

Cikin gwanayen nan akwai Alhaji Falke Barmu, mutumin Yama, jihar Tawa. Manomi ne kamarku, kuma magini. A 1962 ya gina masallacin Juma'a na garinsu da laka da itace. A 1975 ya sake rufin. Ya lanƙwasa itace, ya ɗaure, ya lulluɓe da laka, har cikin ya yi faɗi da tsawo. Ga sanyi ko a bazara. Ɗakin kwano kuwa, kun san yadda yake da azahar!

A 1986 aikin ya samu kyautar Aga Khan, wadda ake ba gwanayen gini na duniya. Masallacin da ya gina a Dandaji ma ba a rushe shi ba. An gyara shi, a 2018 ya zama ɗakin karatu.