Daga Allon Kwamfuta Zuwa Takarda: Yadda Ake Buga Jadawalin Sakamako

A ƙarshen kowane zangon karatu, malaman aji a makarantun sakandare na ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, sukan fuskanci aiki iri ɗaya: haɗa babbar takardar sakamako, wadda take ɗauke da sunan kowane ɗalibi da makinsa a kowane darasi. A da, da doguwar takarda da rula da jan biro ake wannan aiki, a kwana ana tarawa ana rabawa. Yanzu kuwa da yawa sun koma ga manhajar jadawalin lissafi, irin su Excel da LibreOffice Calc. Manhajar takan gama lissafin cikin ƙiftawar ido, amma sau da yawa a wajen bugawa a takarda ake yin tuntuɓe.

Asalin matsalar

Jadawalin kwamfuta fili ne da aka yanka gida-gida kamar gidajen dara. Jerin gidajen da ya tafi a kwance shi ne layi, wanda ya sauko a tsaye kuma ginshiƙi. Dan Bricklin da Bob Frankston ne suka fito da manhajar farko irin wannan ta ƙananan kwamfutoci a Amurka a 1979, mai suna VisiCalc. Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, sannan Excel a 1985. Tun a wancan zamani faɗin jadawali yake ba mutane wahala, har aka riƙa sayar da wata manhaja mai suna Sideways, wadda ba ta da wani aiki sai juya jadawali ya fito a kwance a kan doguwar takardar firinta.

Dalili kuwa shi ne, filin jadawali kusan ba shi da iyaka, alhali takarda tana da ita. Daga 2007 zuwa yau, shafin Excel guda yana da layi 1,048,576 da ginshiƙi 16,384. Takardar A4 da ake amfani da ita a Nijeriya kuwa faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Idan ba a gaya wa kwamfuta inda za ta yanka ba, sai ta yanka duk inda takarda ta ƙare.

Misali daga aji

A ɗauka akwai aji mai ɗalibai 60 da darussa 9. Kowane darasi yana da ginshiƙi uku: makin gwaje-gwajen cikin zango, da na jarrabawa, da jimla. Wannan ya ba da 27. A ƙara jimlar jimloli da matsakaicin maki da matsayi, sun zama 30. Idan faɗin kowanne santimita 1.3 ne, an sami 39. Lamba da suna su ci santimita 6. Faɗin jadawalin duka ya kama santimita 45 ke nan.

Idan aka bar santimita 1.5 a kowane gefe, abin da ya rage a faɗin A4 shi ne 18. Saboda haka jadawalin zai tsage gida uku a faɗi, gida biyu a tsawo, ya fito a takarda shida. A cikin shidan nan, huɗu ba su da sunan kowa, uku ba su da sunayen darussa, guda ɗaya tak ce ta haɗa duka biyun. Mai kwafe maki zuwa katin sakamako sai ya jera takardu yana bin layi da yatsa. Da zarar yatsa ya zame layi ɗaya, an ba wani makin wani, kuma ta haka yaron da ya ci zai iya komawa gida da sakamakon faɗuwa.

Wasu sukan umarci kwamfuta ta matse faɗin duka a takarda ɗaya. Ko an kwantar da takardar, filin da ake da shi santimita 26.7 ne, don haka sai an rage komai zuwa wajen kashi 59 cikin ɗari. Harafi mai girman 11 zai koma 6 da rabi, inda 3 da 8 suke zama kamar tagwaye.

Hanyar da ta dace

Tela ba ya sa almakashi sai ya auna. Haka ya kamata mai buga jadawali ya yi, kuma yawancin umarnin da yake bukata suna sashen tsara shafi na manhajar.

Da farko, a tabbatar an zaɓi A4. Kwamfutoci da yawa sukan zo a saite da takardar Amurka, mai faɗin santimita 21.6 da tsawon 27.9, kuma wannan ɗan bambanci yakan sauya inda shafi yake yankewa.

Na biyu, a shata iyakar abin da za a buga. Ko tazara ɗaya aka danna bisa kuskure a wani gida mai nisa, kwamfuta za ta ɗauka akwai rubutu a can, ta yi ta fito da fararen takardu.

Na uku, a kwantar da takarda, sannan a ba da umarnin maimaita kanu, wato layin sunayen darussa da ginshiƙan lamba da suna su fito a kowane shafi.

Na huɗu, a sa wurin yankewa da hannu. A misalin da ya gabata, darussa biyar za su shiga shafin hagu, huɗu da sauran ginshiƙai uku su shiga na dama, kowanne ya ci santimita 25.5 har da suna. A tsawo kuma a yanka bayan kowane ɗalibi 20. Takarda shida ce dai za ta fito, amma kowacce tana iya tsayawa da ƙafarta.

Na biyar, a nemi layukan da suka raba gidaje su fito, domin Excel ba ta buga su sai an umarce ta. A kuma sa sunan aji da zango da lambar shafi.

Abin da ido ya gani

Akwai wani tarko kuma. Firinta tana buga abin da yake bayyane ne, ba abin da yake cikin gida ba. Idan an saita gida ya nuna cikakkiyar lamba, 49.6 zai fito 50, alhali kwamfuta da 49.6 take lissafi. Ɗalibai biyu za su iya fitowa da maki ɗaya a takarda amma matsayinsu ya bambanta, iyaye su zo da ƙorafi. Maganinsa shi ne a bar lamba ɗaya bayan ɗigo ta bayyana. Haka nan, idan ginshiƙi ya yi wa lamba kaɗan, alamun ##### ne za su fito a madadinta, sai an faɗaɗa shi.

Gani ya kori ji. Kafin a taɓa takarda, a danna Ctrl da P tare, Excel za ta nuna hoton kowane shafi da adadinsu. Malamin da zai taso daga Gagarawa ko Sule Tankarkar zuwa shagon buga takardu a Gumel kuwa, gara ya mayar da aikinsa PDF tun daga gida, domin tsarin shafi yakan sauya daga wata kwamfuta zuwa wata, amma na PDF ba ya motsi.

Wannan ilimi bai tsaya ga makaranta ba. Mai lissafin buhunan riɗi a kasuwar Alhamis ta Maigatari da akawun ƙaramar hukuma duk shi suke bukata. Malaman kwamfuta a makarantu irin su Sakandaren Kimiyya ta Lautai, da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel masu shirin shiga aji, za su iya mayar da shi darasi: a ba yara rula da takardar A4, su lissafa yawan shafukan da jadawali zai ci, sannan a buga a ga wanda ya dace.