Zaƙin Bakin Dillali Da Abin Da Ke Cikin Takarda

A Amurka da Turai akwai kamfanonin da kan sayar wa mutum mako ɗaya a shekara a gidan hutu. Dillali ya ce jari ne mai riba, alhali a ƙarshen takardar an rubuta da ƙananan haruffa cewa alkawarin baka ba ya cikin yarjejeniya. Da kuka ya yi yawa, Tarayyar Turai ta kafa doka a 2009, ta ba mai saye kwana 14 ya fasa ba tare da asara ba.

Irin wannan tarko ne ma'aikaci a Mahuta, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fakai, zai iya faɗawa wajen masu sayar da fili a biya kaɗan-kaɗan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna, saboda haka fili ba ya sauya hannu sai da yardar hukuma. Rashin yardar Gwamna ne ya sa Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989.

Dokar kare masu saye da aka sa wa hannu a 2019 ta hana sharuɗɗan zalunci. Duk da haka, shari'a na cin kuɗi da lokaci. Kada ka sa hannu ranar da aka yi maka tayi. Kai takardar wurin lauya, ka kuma nemi a rubuta duk abin da aka faɗa da baki.