In Wuta Ta Ƙi Kamawa: Murhu da Injin A-kori-kura

Duk macen da ta saba girki da itace ta san ranar da wuta ke yi mata gardama. Ta jera itace, ta ƙyasta ashana, sai hayaƙi kawai. Ba za ka ga ta rushe murhun ba, ba kuma za ta aiki yaro kasuwa ya sayo sabuwar tukunya ba. Hannu za ta kai ta taɓa itacen ta ji ko raɓa ta jiƙa shi, ta duba ko ta cusa shi da yawa har iska ta rasa hanya, ta girgiza kwalin ashana ta ji ko ya sha danshi. Kafin ka ankara ta gano inda matsalar take. Mu kuwa masu a-kori-kura, har da wasu makanikan, idan mota ta wayi gari tana juyawa amma ta ƙi tashi, kafin a tambayi me ya ɓace an riga an tura yaro Ƙofar Ruwa ko Fanteka ya sayo kwayil. In bai yi ba a sayo famfon mai. In bai yi ba a haɗe fuska a ce ai biren-bos ne, wato kwamfutar mota.

A fara raba zance biyu. Motar da ka murɗa makulli ta yi shiru, ko ta yi ƙas sau ɗaya, wannan maganar batir ce da sitata. Tamu ita ce wadda sitata ke juya injin sosai, kana jin gurnaninsa, amma wuta ta ƙi kamawa. Ko a nan ma kada a wanke batir gaba ɗaya. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, kuma idan ya faɗi ƙasa da 10 lokacin da ake bugawa, motar zamani na iya juyawa a kasalance alhali kwamfutarta ba ta samun abin da zai ishe ta aiki.

Abin da ke faruwa cikin silinda girki ne, sai dai ana hura wutarsa sau dubbai a minti ɗaya. Fetur shi ne itacen, fulogi shi ne ashanar, iska kuwa iska ce, kuma ita aka fi buƙata, don kowane kilo ɗaya na fetur yana neman wajen kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. Sai abu biyu da injin ya ƙara a kan murhu: dole fistin ya matse mai da iskar nan sosai, kuma dole ashanar ta ƙyastu a daidai lokacinta. Injin da ke juyawa bai tashi ba ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, kuma aikin mai gyara shi ne ya gano wanne.

Kunne ne kayan aiki na farko. Lafiyayyen injin yana juyawa da ɗan tirjiya, yana hawa yana sauka, saboda kowane fistin yana kokawa da iskar da yake matsewa. Idan ka ji yana juyawa da sauri sumul, ba wata tirjiya, to daina bugawa nan take, domin alama ce ta bel ɗin taimin ya tsinke. Hilux mai injin dizal irin su 5L da 2KD bel take amfani da shi, shi ya sa Toyota ta sa fitilar T-BELT a gaban direba, fitilar da mutanenmu suka fi son a kashe musu maimakon a sauya bel ɗin. Masu injin fetur na 22R da 2TR sarƙa gare su, ba ta cika tsinkewa ba, amma in ta tsufa tana iya tsallake haƙori, sai ka ji mota tana atishawa ta baki ko tana harbi ta salansa. Wannan shi ne ƙyasta ashana tun ba a jera itace ba.

In kunne bai ji wani abu ba, sai itace. Kada ka yarda da allurar mai, musamman a motar da ta sha hanyar ƙauye. A tabbatar akwai mai a tanki. Akwai gwaji mai sauƙi a injin fetur: a cire robar da ke kai iska, a fesa ɗan abin wanke kafireta kaɗan, a ja da baya, a buga. Idan ta tashi na daƙiƙa biyu ta mutu, ashana lafiya, matsi lafiya, mai ne ba ya zuwa, sai a bi fiyus, a bi rile, a bi filta, famfo ya zo a ƙarshe don shi ya fi tsada. Wasu kan ce a kasa kunne a bakin tanki a ji kukan famfo da zarar an buɗe makulli. Gaskiya ne a motoci da yawa, amma Toyota da dama ba sa kunna famfon sai ana bugawa, kuma an sha jefar da lafiyayyen famfo saboda rashin sanin wannan. Al'adar nan ta yaran gareji ta zuƙo fetur da baki a fesa cikin kafireta kuwa, ya kamata iyayen gidansu su hana su. Wuta takan dawo ta bakin kafireta, feturin kuma guba ne a huhu.

Itace ma ba duka ke cin wuta ba. Man da aka saya a galan wajen 'yan bumburutu yana iya zuwa da ruwa ko kalanzir, ruwa kuma ya fi fetur nauyi, ƙasan tanki yake kwantawa, daidai inda famfo ke zuƙa. Ko gidan mai bai tsira ba: a watan Fabrairun 2022 an shigo Najeriya da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, ya lalata motocin mutane. A tsiyayo kaɗan cikin farar kwalba a ajiye, in da ruwa za a gan shi ya ware a ƙasa.

Akwai kuma motar da mai ya yi wa yawa, kuma nan ne direbobi suka fi cutar kansu. Macen da ta kwarara kalanzir har itace ya yi sharkaf, iska ta rasa wurin shiga, ta san ƙari ba ya gyara wuta. Direba yana bugawa yana tattaka totur, kowane taku a tsohuwar Peugeot 504 mai kafireta yana ƙara watsa fetur a kan fulogin da ya riga ya jiƙe. Hanci zai gaya maka, don warin fetur zai cika wurin, in ka kwance fulogi kuma za ka same shi a jiƙe. Maganin shi ne a danne totur har ƙasa a riƙe shi a nan, a buga, iska ta shiga ta share. Kuma kada bugu ɗaya ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, a bar sitata ta huce, in ba haka ba an ƙara wa kai ciwo na biyu.

Sai ashana. A kwance fulogi ɗaya, a maƙala masa wayarsa, a jingina shi da ƙarfen injin nesa da fetur, wani ya buga. Tartsatsi mai shuɗi da ƙara shi ake nema. A 504 da tsofaffin Hilux, rashinsa yakan fito daga kontak da ya cinye, ko kondensa, ko murfin distiributa da ya sha ruwa bayan wanki ko ƙetare rafi da damina. A goge shi da busasshen tsumma, sau da yawa magana ta ƙare. Wanda ya cire wayoyin fulogi kuma ya tuna jerinsu 1-3-4-2 ne. A sababbin motoci akwai wata 'yar na'ura kusa da kiranshaf da ke sanar da kwamfuta inda fistin yake. In ta mutu, kwamfuta ba za ta ba da wuta ba, ba za ta ba da mai ba. Dubi allurar juyin injin lokacin bugawa, in ko motsi ba ta yi, a zargi na'urar ko wayarta da ɓera ya ci. Ɗan rewaya mai na'urar karanta kwamfuta zai ga lambar P0335. Haka nan makullin da aka yanko a kasuwa ba tare da ƙwayar tsaronsa ba, zai juya injin har batir ya ƙare, motar ba ta tashi ba.

Injin dizal shi ne inda murhu ya gaza mana, don shi ba shi da ashana sam. Yana matse iska ninki 17 zuwa 22 har zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa gas ya kama da kansa. Saboda haka abokan gabansa daban ne. Na farko iska a cikin layin mai, wadda ke shiga idan tanki ya ƙafe ko aka sauya filta. Akwai ɗan famfon hannu a saman filtar, a yi ta dannawa har ya yi tauri. Na biyu ruwan da ya taru a ƙasan filtar, wanda ke da mazurarinsa. Na uku sanyi: da asubar hunturu a Jos ko Agadas, ƙarfen injin yana shanye zafin, sai an jira fitilar hita ta mutu kafin a buga, in kuma hitocin sun ƙone za ka ga farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas. A 5L mai tsohon famfo, a saurari ƙas ɗin solanoyid idan an buɗe makulli, don in ba wuta a wayarsa mai ba zai wuce ba. Amma a 1KD da 2KD kada kowa ya sassauta bututun nozul yana gwadawa da yatsa kamar yadda ake yi wa tsofaffi. Ƙarfin man da ke ciki yana huda fata.

Idan mai na zuwa, wuta na nan, taimin daidai, saura matsi, kuma shi ba a gane shi da ido sai da ma'auni. Lafiyayyen injin fetur yakan nuna 150 ko fiye a ma'aunin psi, wanda ya yi ƙasa da 100 kuwa da ƙyar zai tashi. A zuba cokalin baƙin mai a silindar a sake aunawa: in ya hau, ringi ne ya cinye, yawanci saboda ƙurar da ta shiga lokacin da aka yi ta yawo da yagaggiyar filtar iska, in bai hau ba, bawul ne ko gaskit. A nan ne kaɗai maganar sauke injin ta halatta.

Kai mai mota, kafin ka zaro kuɗin kowane kaya, tambayi makanikenka: Oga, mai ne babu, ko wuta, ko matsi? In ya amsa, ka ce ya nuna maka. Wanda ya kasa nunawa, ɗauke motarka ka kai wani garejin.